Linzami ko takunkumi? Dokar intanet da makomarmu a Nijar



 Ina gaida waɗanda sunka cika wanga zaure, ina gaida masu bin mu ta salula daga Damagaram, Tawa, Yamai, Ƙonni, Tasawa da Doso, har da 'yan uwanmu da ke bida a Agadas, Libiya, Aljeriya da Abijan. Na san wasunku forfe na dala arba'in kuke lallaɓawa, kuna kallo kuna duba sauran mega. To ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganar da ta tara mu ita ce: shin gwamnati ta sa hannu cikin abin da muke yi a intanet, ko ta janye hannunta? In kuma za ta sa, ina iyakarta?

In ka zauna a fada ana shan shayi, ɓangare biyu za ka ji. Wani ya ce: ƙasa tana cikin yaƙi, kowa ya zama ɗan jarida da waya a hannu, in ba a taka wa mutane burki ba za su ƙona ƙasar. Wani ya ce: duk ranar da ka ji hukuma ta ce "tsari", to bakinka take nufi. Sai a yi ta gardama har shayi na uku ya huce, kowa ya tashi da ra'ayin da ya zo da shi.

A ganina kowannensu yana da gaskiya, amma rabinta ya riƙe. Bahaushe ya san linzami, ya san takunkumi. Linzami ana sa wa doki ne don ya bi hanya ya kai mai shi inda za shi. Takunkumi kuwa ana sa shi don a hana baki buɗewa. Duka biyun a baki ake sa su, shi ya sa daga nesa suke kama da juna. Aikinmu yau shi ne mu koyi bambance su.

Bari in fara da masu cewa a yi doka, don maganarsu ba ta banza ba ce. Wa bai san wanda anka damfara ba? A kira tsohuwa da dare a ce ɗanta ya yi hatsari, ta turo kuɗin likita. A buɗe shafi da sunan ƙungiyar agaji a ce a biya jika biyar a samu aiki. Budurwa ta rabu da saurayi, ya watsa hotunanta a gurup, ta kasa fita ko ƙofar gida. Wani ya yi bokal na minti biyu ya ce ƙabila kaza ce ke ɓoye 'yan bindiga, kafin asuba ya gama jaha. A ɗauko bidiyon wata ƙasa, na wata shekara, a ce jiya anka ɗauke shi a Tilaberi. Yanzu kuma ga na'ura mai ƙirƙirar murya da fuska: sai ka ga mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, leɓensa na motsi daidai da maganar.

Kuma mun san abin da tunzuri ke haifarwa. A watan Janairun 2015, a Damagaram da Yamai, mutum 10 sunka rasa rayukansu cikin kwana biyu, anka ƙona majami'u da dukiyoyi. Duk wanda ya ga wannan ba zai ce magana ba ta kashewa ba. Saboda haka in wani ya ce muku mu masu fafutuka muna son a bar intanet kara zube, ku ce masa ba haka ba ne. Yarinyar da anka watsa hotonta tana da haƙƙi a kan hukuma. Tsohuwar da anka cuta tana da haƙƙi. Ƙasar da ba ta iya kare su ta gaza.

To amma wace irin doka muke da ita? Mu waiwayi tarihi kaɗan, don da yawa cikinmu muna gardama a kan dokar da ba mu taɓa karantawa ba.

A 2010, lokacin riƙon ƙwarya, anka yi dokar da ta cire ɗauri daga laifukan aikin jarida. A ranar 30 ga Nuwamban 2011, shugaba Issoufou Mahamadou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain, wadda ke kira da a daina ɗaure mutane saboda ɓata suna. Duniya ta yaba mana. Sai ga 2019, a watan Yuli, anka kafa dokar yaƙi da laifukan intanet, mai lamba 2019-33. Akwai abubuwa masu amfani a cikinta: kutse cikin kwamfutar wani, zamba, hotunan batsa na yara. Amma ayoyi uku, ta 29, ta 30 da ta 31, sun dawo da kaso ta bayan gida. Abin da in ka buga a jaridar takarda ba za a ɗaure ka ba, in ka sa shi a Facebook ana iya ɗaure ka.

A 2020 majalisa ta amince da wata dokar, wadda ta ba da damar sauraron wayoyin mutane da karanta saƙonninsu saboda tsaron ƙasa, kuma izinin yin haka a hannun shugaban ƙasa yake. 'Yan adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar. A 2022, zamanin Bazoum Mohamed, anka gyara dokar 2019, anka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, anka bar tara. A watan Yunin 2024, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan gyaran da ya maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 a kan watsa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a.

Ku lura da abu ɗaya. Farar hula sun yi, masu kaki sun yi. Wanda ya yi kuka da dokar lokacin yana adawa, in ya hau kujera sai ya ga ta yi masa daidai. Don haka wannan magana ba ta jam'iyya ba ce, kuma ba ta goyon baya ko adawa da mulkin yanzu ba ce. Doka ta fi mai mulki tsawon rai. In kana tafa wa doka mai tsanani don kana son wanda ke riƙe da ita yau, tambayi kanka: in ta faɗa hannun wanda ba ka so gobe fa? Wuƙar da ka wasa, ba ta san mai ita ba.

Yanzu mu duba aya ta 31. Ta ce laifi ne ka samar, ko ka miƙa wa wani, ko ka watsa bayanin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan adam. Kun ji kalmar "ƙarya" a ciki? Babu. Ke nan abin da ka faɗa yana iya zama gaskiya, kuma ka shiga uku. Wa zai fassara "dagula zaman lafiya"? In ka ɗauki hoton aji na zana da ruwa ya rusa, ka dagula zaman lafiya? In ka rubuta cewa asibitin garinku ba magani? In ka ce farashin buhun hatsi ya fi ƙarfin talaka?

Ba tatsuniya nake muku ba. A watan Maris na 2020 anka kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda saboda ya rubuta cewa akwai wanda ake zargin yana da korona a wani babban asibitin Yamai. Ya yi makonni uku a tsare, anka yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata uku. Yana cikin kaso, ranar 19 ga watan, gwamnati da kanta ta sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar a ƙasar. A watan Yunin wannan shekara anka kama 'yar jarida Samira Sabou bayan ta yi rubutu a kan binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro. Sunan da ya jawo ƙarar ma ba ita ta ambace shi ba, wani ne ya rubuta shi a ƙarƙashin rubutunta. Ta yi kwana 48 a kaso, daga baya kotu ta ce ba laifi, ta sallame ta. To wa zai biya ta kwana 48?

Waɗannan sanannu ne, suna da lauyoyi, duniya ta yi magana a kansu. Ɗan kabu-kabu da ya tura bokal a gurup ɗin unguwa, wa zai yi magana a kansa? Kuma illar ba ta tsaya ga wanda anka kama ba. In anka kama mutum ɗaya, dubu za su goge abin da sunka rubuta, dubu goma ba za su ma rubuta ba. Daga nan sai shugabanni su daina jin komai sai kirari. Shugaban da ba ya jin kukan jama'a, gobara za ta iske shi yana barci, don ya kashe ƙararrawa da hannunsa.

Sai maganar yanke intanet. Bayan tarzomar 2015 an toshe shafukan sada zumunta na ɗan lokaci. A 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, anka yanke intanet ta salula daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris, kwana goma. Ku tuna waɗannan kwanaki. Mai saida atamfa da turare ta WhatsApp ta zauna ba ciniki. Ɗalibi mai neman gurbin karatu a waje ya kasa aika takardunsa. Ɗan kasuwar da ke jiran hoton kaya daga Kano ko Kotonu ya yi ta jira. Uwa ta kasa jin muryar ɗanta da ke Libiya. Nawa ne cikinsu sunka ƙona taya? Kuma jita-jita ba ta mutu ba. Ta koma baki da baki, inda ba wanda zai iya ƙaryata ta.

Maƙwabtanmu ma sun gwada. Cadi ta rufe shafukan sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Najeriya ta toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, matasa sunka koyi amfani da VPN cikin dare ɗaya. A watan Satumban 2021 anka yanke layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina don a karya 'yan bindiga. Mu mutanen Maradi ba labari anka ba mu ba, iyaka ɗaya muke da su, Madarunfa da Gidan Runji sun san abin da ake ciki. An maido da layukan, 'yan bindiga kuwa suna nan. Mutumin ƙauye ne ya wahala, wanda ya rasa hanyar kiran agaji sa'ad da ya ji ƙarar babura da dare.

Kotun CEDEAO ta yanke hukunci a 2020 cewa yanke intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa wa doka, ta kuma faɗi haka a 2022 game da toshe Twitter a Najeriya. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO, wannan ƙofa ta rufe gare mu. Kowa yana da ra'ayinsa a kan fitar. Abin da nake cewa shi ne, tunda ba mu da alƙali a waje, dole mu samu alƙali a gida wanda zai iya ce wa hukuma "a nan kin wuce gona da iri". In babu shi, cin gashin kan da muke alfahari da shi bai iso ga talaka ba tukuna.

A farkon 2025 ministan sadarwa na lokacin ya yi magana a talabijin a kan tunanin a riƙa neman izini ga duk gurup ɗin WhatsApp ko Facebook da ya kai mutum 50. Ku duba wayoyinku yanzu. Gurup ɗin dangi mutum nawa ne? Na tsofaffin ɗaliban lakkol ɗinku? Na 'yan adashe, na matasan unguwa masu yashe lambatu, na masu neman jini in mace ta zo haihuwa? Kusan duk sun haura 50. Wa zai bi layi ya karɓi takarda don ya sanar da suna ko jana'iza? Mai mugun nufi kuwa sai ya raba gurup ɗinsa gida biyu, 49 da 49, ya ci gaba da abinsa. Tarkon da ke kama kaza ya bar muzuru, da sauran gyara.

To ta yaya za mu gane linzami daga takunkumi? Akwai ma'auni, kuma ba mu munka ƙirƙiro shi ba. Yana cikin aya ta 19 ta yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga tun 1986, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta Afrika da ke Banjul ta jaddada shi a 2019. Tambayoyi uku ne, ku riƙe su.

Ta farko: dokar a fayyace take? Mutum zai iya karanta ta ya san abin da anka hana tun kafin ya aikata? In sai an kama ka ne za ka san ka yi laifi, dokar ba ta cika ba.

Ta biyu: me take karewa? Ran mutane, mutuncinsu, tsaron ƙasa, lafiyar jama'a? Ko kuwa jin daɗin wani babba da ba ya son a ambaci sunansa?

Ta uku: maganin ya yi daidai da ciwon? Akwai hanya mafi sauƙi da za ta biya buƙata? Wanda anka ɓata wa suna yana iya samun diyya, a tilasta wa mai laifi ya janye maganarsa a inda ya yi ta. In wani shafi ne ke yaɗa kiran kisa, a rufe shafin. Ba a rushe kasuwa don an ga ɓarawo ɗaya a cikinta.

Ni zan ƙara ta huɗu: wa ke yanke hukunci, kuma ina za ka kai kuka in anka cuce ka? In wanda ka soka shi ne zai ce ka yi laifi, shari'a ta ƙare tun ba a fara ba.

Yanzu ga ɓangaren da muke mantawa da shi. Duk gardamarmu a kan gwamnati da ɗan ƙasa take. Amma akwai na uku a cikin ɗakin, kuma ya fi su duka ƙarfi a wayarka. Facebook, WhatsApp da Instagram na kamfani ɗaya ne, Meta, a Amurka. YouTube na Google ne. TikTok na ByteDance ne, kamfanin da ya taso daga Sin. Su ke zaɓar abin da za ka gani in ka farka da safe. Kuɗinsu daga talla yake, talla kuwa tana son ka daɗe kana kallo, kuma abin da ke riƙe ido shi ne faɗa, tsoro da abin kunya. Shi ya sa zagi ke samun kallo dubu ɗari, bayanin yadda ake adana wake ya samu ɗari biyu. Ka taɓa kai ƙarar bidiyon zagi da Hausa ko Zabarmanci, aka ce maka bai saɓa wa ƙa'ida ba? Ko a rufe maka shafi ba tare da bayani ba? Wannan ma mulki ne, kuma ba wanda ya zaɓe su.

Wasu ƙasashe a nan sunka sa ƙarfinsu. Tarayyar Turai ta yi dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2018, kuma a 2023 an ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a ƙarƙashinta. Ta yi wata dokar a 2022 da ta tilasta wa manyan shafuka su bayyana dalilin cire rubutu, su ba mutum damar ɗaukaka ƙara, in sun ƙi a ci su tarar da za ta kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsu na duniya. A 2024 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 ta Amurka saboda yadda take sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Mu ma muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017, muna da hukumar HAPDP, muna da ARCEP mai kula da kamfanonin waya. Nawa ne cikinmu sunka san inda za su kai kuka in an saida lambarsu ko an cinye musu kredi ba dalili? Nijar ita kaɗai ƙaramar kasuwa ce a idon waɗannan kamfanoni. Amma ƙasashen AES tare, ko Afrika tare, suna iya cewa: ku ɗauki masu jin harsunanmu aiki, ku buɗe ƙofar kai kuka, ku faɗa mana inda bayananmu suke. Wannan shi ne linzamin da nake son gani. Kada ƙarfinmu ya ƙare a kan yaro mai tsohuwar waya, mai biliyoyi kuwa mu ce masa ranka ya daɗe.

Sai maganar hanyar da intanet ɗin ke biyowa. Ba mu da teku. Intanet ɗinmu ta ƙasashen gaɓa take shigowa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu sunka lalace a gaɓar Afrika ta Yamma, ƙasashe da dama sunka ji a jikinsu har da mu. Mun kuma ga abin da ya faru da lantarki a 2023 da Najeriya ta yanke mana. Wanda hanyarsa ɗaya ce, ransa a hannun mai hanyar yake. Shi ya sa aikin shimfiɗa wayar fiba da zai haɗa mu da Aljeriya, Cadi da sauran maƙwabta yake da muhimmanci. Starlink ma ta samu izini, ta fara aiki a 2025, kuma tana kai rezo inda eriya ba ta taɓa zuwa ba. Abin farin ciki ne. Amma mu tuna taurarin na kamfanin mutum ɗaya ne, Elon Musk, makunnin ba a Yamai yake ba.

Kuma har gobe akasarin 'yan Nijar ba su shiga intanet ko kaɗan, musamman mata da mutanen karkara. Muna gardamar yadda za a tsare ƙofa, alhali yawancin 'yan gida suna waje. Dokar da ta fi amfani ga makomarmu ita ce wadda za ta sauke kuɗin forfe, ta sa Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms su kai rezo mai kyau ƙauyuka, ta hukunta wanda ya saida giga bai ba da giga ba. A Benin, a 2018, gwamnati ta sa harajin dala ɗaya a kan kowane mega na shafukan sada zumunta. Matasa sunka yi magana da murya ɗaya, cikin lumana, ba a yi mako ba anka janye shi. Ke nan magana tana aiki in an yi ta da tsari.

To me muke nema wajen hukumomi? Da ladabi muke nema, amma a fili.

A fassara waɗannan dokoki. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a fara da dokar da ke iya kai mutum kaso shekara biyar. A sa ta cikin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauransu, a karanta ta a gidajen rediyo. Ba adalci ba ne a hukunta mutum da dokar da ba a taɓa faɗa masa da harshensa ba.

A sake rubuta aya ta 31, a faɗi ƙarara abin da anka hana: kiran kisa, tunzura ƙabila a kan ƙabila, tona motsin sojojinmu a fagen daga. A cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, kamar yadda anka yi a 2022.

A rubuta a doka cewa ba za a yanke wa ƙasa ko jaha intanet ba. Sauraron wayar mutum kuwa ya zama sai da izinin alƙali.

A ƙarfafa masu binciken damfara da watsa hotunan mutane, a kai su jahohi, a sa mata cikinsu, don yarinyar Dakoro ko Magarya ta samu wadda za ta faɗa wa damuwarta ba tare da an mayar da ita mai laifi ba.

Kuma kafin a yi kowace sabuwar doka, a fito da daftarin, a saurari ɗalibai, 'yan jarida, malamai, lauyoyi da masu sana'a ta intanet. Mu ne za mu rayu da ita shekara arba'in masu zuwa.

Saura namu. Don duk ƙaryar da munka tura, hujja ce munka miƙa wa mai son takunkumi. Kafin ka tura abu, tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In ka ga kibiya biyu a saman saƙon WhatsApp, ya riga ya bi hannuwa da yawa, ka yi hattara. In saƙo ya sa zuciyarka ta tafasa nan take, jira minti goma, don sau da yawa don haka anka shirya shi. In hoton tsiraicin wata ya iso gare ka, ya mutu a wayarka. Kai ne ƙarshen hanyarsa. Ke 'yar uwa, in wani yana yi miki barazana da hoto, kada ki biya shi, kada ki goge saƙonnin. Ki yi kaptir, ki samu wanda kika yarda da shi, ku kai ƙara. In kai adimin ne, rubuta ƙa'idar gurup, ka tsawata tun abu bai yi nisa ba. Kada ka ba kowa lambobin sirri da ake turo maka, ko ya ce daga kamfani yake. Kada ka sa hoton gawar soja ko inda ayarinsu ya dosa, suna da iyaye, kuma maƙiyi ma yana da waya.

Sannan mu cika wurin da abin kirki. Mai ilimin noma ya yi bayani da Hausa. Mai ilimin doka ya fassara aya ɗaya kowane mako. Mai gyaran waya ya koya wa ƙannensa. Na'urorin da ake ginawa yau daga abin da anka rubuta suke koyo, kuma harshen da ba a rubuta shi ba, ba za su san da zamansa ba.

'Yan uwa, kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. A intanet za su nemi ilimi, su nemi abinci, su tambayi shugabanninsu ina anka kwana. Dokokin da ake rubutawa yanzu su za su ce ko za su yi haka da sakin jiki ko da waige-waige. In munka yi shiru za a rubuta su ba tare da mu ba. Don haka in kun koma fada yau da dare, kuma gardamar ta tashi, kada ku tsaya a "a yi doka" ko "kada a yi". Ku ce a kawo dokar mu gani, ku yi mata tambayoyin nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya samu amsar da ta fi tawa, ya zo zama na gaba ya faɗa, za mu saurare shi.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.